Neman Masaukin Manyan Cibiyoyin Binciken Kimiyya: Abin da Ƙasar Gero Ta Samu da Abin da Ya Wuce Ta

Akwai ayyukan binciken kimiyya waɗanda girmansu da tsadarsu suka fi ƙarfin ƙasa guda, ko da kuwa tana cikin ƙasashe masu arziki. In irin wannan aiki ya taso, akan haɗa kuɗi da masana daga ƙasashe da yawa a gina cibiya ɗaya ta kowa da kowa. Haka ƙasashen Turai 12 suka yi a 1954, sa'ad da suka kafa cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ake kira CERN kusa da birnin Janeba, a bakin iyakar Siwizalan da Faransa. Amma cibiya ba ta zama a iska. Tilas a dasa ta a gonar wani, a ƙarƙashin dokar wata gwamnati, kusa da wani gari wanda 'ya'yansa za su sami aiki a cikinta. Saboda haka da zarar an gama shawarar cewa za a gina, sai wata gardama ta tashi wadda takan fi ta farko zafi, watau gardamar wanda zai zama mai masauki.

Mai yiwuwa ne ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati wanda ya fito daga Kanya Babba, ko Babura, ko Kazaure da Roni da Gwiwa, ya ɗauka cewa wannan kokawa ce ta giwaye wadda ba ta shafi mai garma ba. Alhali kuwa geron da ake kira sosat, wanda ya shiga rumbunan wannan yanki, da gyaɗar da ta komo bayan ta yi shekaru da ɓacewa, da waken da yake jure wuta-wuta, duk sun biyo ta hannun irin waɗannan cibiyoyi ne. Wurin da aka kafa kowace cibiya kuwa shi ya yanke wane manomi za ta fara amfana da wanda zai yi ta jira.

Yadda manyan ƙasashe suke yin kokawar

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na injin da ake kira ITER, wanda ake ginawa domin a gwada ko ɗan Adam zai iya samun makamashi ta hanyar haɗa ƙwayoyin zarra, kamar yadda yake faruwa a cikin rana. Kanada ta nemi masaukinsa, ta janye a 2003. Sifen da Faransa suka yi ta ja-in-ja a cikin gida, har Tarayyar Turai ta tsayar da Faransa, aka lallashi Sifen da ofishin da zai kula da kason Turai na aikin, a birnin Basalona. Sai ya rage Kadarash a kudancin Faransa da Rokkasho a arewacin Japan. A watan Disamba na 2003 aka zauna aka tashi ba a daidaita ba, gama Turai da Rasha da Sin suna bayan Faransa, Amurka da Koriya ta Kudu suna bayan Japan. Shekarar ce aka yi yaƙin Iraƙi wanda Faransa ta ƙi goyon bayansa, don haka mutane da yawa suka fassara matsayin Amurka da cewa ramuwa ce. Shekara ɗaya da rabi masana suna zaune suna jiran 'yan siyasa. Sai ran 28 ga Yuni 2005, a Mosko, aka ba Faransa.

Abin lura shi ne kuɗin da aka biya. Turai ta ɗauki kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin gini, sauran abokan tarayya kowa kimanin kashi 9. Japan da ta haƙura ta sami kujerar shugaban cibiyar na farko, da ƙarin gurabun ma'aikata, da wasu ayyukan bincike da aka yarda a gina a ƙasarta da taimakon kuɗin Turai. Ke nan mai masauki shi ne mai yanka rago. Wanda ya shiga irin wannan takara da zaton za a kawo masa dukiya ne kurum, bai fahimci cinikin ba.

Afirka ta shiga irin wannan fage sosai a kan na'urar sauraren taurari da ake kira SKA. Taurari da sauran halittun sararin sama suna fitar da igiyoyin rediyo masu rauni ƙwarai, waɗanda wayar hannu guda a kusa takan isa ta danne su. Saboda haka abin da ake nema shi ne jeji mai faɗi, marar jama'a, marar hayaniyar na'urori. A 2006 aka tace masu nema, ya rage Afirka ta Kudu da Ostiraliya. Abin da Afirka ta Kudu ta yi a shekarun da suka biyo baya ya cancanci ma'aikacin gwamnati ya yi nazarinsa. A 2007 majalisarta ta yi doka wadda ta ba gwamnati ikon hana duk wata na'ura mai damun sauraro a yankin Karu, kusa da garin Kanabon. Ta gina faranta 7 na gwaji da kuɗinta da injiniyoyinta, ta soma shirin wasu 64 da ake kira MeerKAT, waɗanda aka buɗe a 2018. Ta biya wa ɗalibai kuɗin karatun digiri a fannin. Sa'an nan ta jawo ƙasashen Afirka 8 cikin takardar nemanta: Botsuwana, Gana, Kenya, Madagaska, Morishus, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Ran 25 ga Mayu 2012 aka raba gardama, aka ce a gina sashe ɗaya a Afirka ta Kudu, ɗaya a Ostiraliya, kuma a watan Disamba na 2022 aka fara ginin.

Nijeriya ba ta cikin waɗancan ƙasashe takwas, ko da yake Farfesa Samuel Okoye ya dasa ilmin sauraren taurari a Jami'ar Nsukka tun da daɗewa. Gana kuwa ta gyara wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Akara, ta buɗe shi a 2017 a matsayin na'urar sauraro. Inda Nijeriya ta fito takara a fili shi ne a kan hukumar sararin samaniya ta Tarayyar Afirka. Tana da hujja, gama ta kafa tata hukumar tun 1999, aka harba mata tauraron ɗan Adam na farko a 2003. Duk da haka a watan Fabrairu na 2019 aka ba Masar, Nijeriya da Habasha suka komo hannu rabbana, aka kuma buɗe hukumar a Alƙahira a watan Afrilu na 2025.

Baƙon da ya sauka a Kano

Mutane kaɗan ne suke tuna cewa Kano ta taɓa zama mai masauki ba tare da ta nema ba. A farkon shekarun 1960, sa'ad da Amurka take shirin aika mutum ya kewaya duniya a cikin kumbo, ta bukaci tashoshi 18, wasu a tudu wasu a jiragen ruwa, waɗanda za su riƙa magana da ɗan sama-jannatin suna karɓar saƙon na'urorinsa yayin da yake wucewa. Hanyar kumbon ta ratsa Afirka daga tsibiran Kanari zuwa Zanzibar, kuma Kano tana kan wannan hanya, ga ta da babban filin jirgin sama, a garin da jirgi ya fara sauka tun 1925. Sai aka kafa tasha. Ran 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya kewaya duniya sau 3, ya yi magana da Kano, har ya ba da labarin ƙurar da ya hango ta lulluɓe ƙasa. Duk wanda ya san watan Fabrairu a ƙasar Hausa ya san abin da ya gani.

Tashar Zanzibar an rufe ta a 1964 bayan juyin mulkin tsibirin. Ta Kano ta ɗan daɗe, amma kafin ƙarshen shekarun 1960 ita ma an kwashe ta, ba ta bar wani aikin kimiyya a bayanta ba. Baƙo raɓa ne. Dalilin ba boyayye ba ne: ranar da Glenn ya wuce ta kan Kano babu jami'a ko ɗaya a Arewa, sai a watan Oktoba na wannan shekara aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Babu wanda zai karɓi aikin daga hannun baƙin.

A 1961 Amurkawan sun gina wata tashar a Hartebeesthoek, kusa da Johannasbag, wadda ma'aikatan Afirka ta Kudu suke gudanarwa a madadinsu. Da suka tashi a tsakiyar shekarun 1970, sai 'yan ƙasa suka mai da farantin mai faɗin mita 26 na'urar sauraren taurari, kuma daga wannan tsatso aka sami masanan da suka tsaya wa takarar SKA bayan shekara talatin. Gaskiya ne tashar Kano ba ta da irin wannan babban faranti, kuma ilmin da ya riƙe tashar Afirka ta Kudu na tsirarun Turawa ne a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Duk da haka kwatancin bai ɓaci ba. Abin da ya raba tashoshin biyu shi ne samuwar mutanen gida waɗanda suka iya aikin.

Ibadan, Samaru da Sadore

Cibiyoyin da suka fi shafar ƙasar Hausa kai tsaye su ne na binciken aikin gona. Gidauniyar Ford da ta Rockefeller ta Amurka suka fara wannan tsari da cibiyar shinkafa a Filifin a 1960, sai ta alkama da masara a Meziko a 1966. Ta uku da aka yi wa Afirka ita ce IITA, wadda aka kafa a Ibadan a watan Yuli na 1967, watan da yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnati ta ba da fili mai faɗin hekta 1,000, aka tashi ƙauyukan da ke ciki aka sake musu matsuguni. Ibadan tana da jami'a tun 1948, tana da tsohuwar tashar binciken gona, kuma manufar cibiyar ita ce noman ƙasashe masu yawan ruwa: rogo, doya, masara da makamantansu. A wannan takara Nijeriya ce ta ci.

Amma cikin amfanin gonar da aka ɗora wa IITA har da wake, kuma wake ɗan Arewa ne. Ibadan tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara, damina kashi biyu. Waken gargajiya na ƙasar Hausa yana jiran rana ta fara gajarta kafin ya yi fure, saboda haka halinsa a Ibadan daban, halinsa a Babura daban. Irin da aka fara fitarwa gajere ne, mai saurin nuna, mai yawan 'ya'ya in an yi masa feshi, amma ba shi da harawa. Manomin Arewa kuwa yana shuka wake ne domin bakinsa da bakin tumakinsa, kuma a watan Maris, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa kuɗi ce. Sai a 1990, bayan shekara 23, IITA ta buɗe tasha a Kano, da gonar gwaji a Minjibir. A nan ne Dokta B. B. Singh da abokan aikinsa suka fitar da wake mai ba da 'ya'ya da harawa duka, da mai jure wuta-wuta, suka kuma yaɗa tsarin shuka layi 2 na hatsi da layi 4 na wake. Ƙasa ɗaya ce, gwamnati ɗaya, amma nisan da ke tsakanin Ibadan da Kano ya ci kusan rubu'in ƙarni.

Labarin gero ya bi wata hanya dabam. A 1972 aka kafa ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa, a Patanceru kusa da birnin Haidarabad na Indiya, aka ɗora mata gero da dawa, daga baya aka ƙara gyaɗa. A daidai wannan lokaci farin 1972 zuwa 1974 yake kashe dabbobi yana tashin garuruwa daga Senegal har Habasha. Cibiyar ta fara da aiko masana ɗai-ɗai zuwa tashoshin ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Samaru, wadda aka kafa tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Tarna a Maraɗi. Ba a daɗe ba aka gane cewa irin geron da ya yi kyau a Indiya ba ya yin kyau a nan: cututtukan nan sun fi ƙarfinsa, yashin nan ya fi zafi a lokacin shuka. Dole a gina babbar tasha a cikin yankin kansa.

In da girman jami'a da yawan masana da kuɗin gwamnati ake dubawa kaɗai, da babu mai ja da Samaru, musamman a shekarun da kuɗin man fetur yake kwarara. Amma a 1981 da gwamnatin Jumhuriyar Nijar aka ƙulla yarjejeniya, ta ba da hekta 500 a Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da Yamai. Wanda ya dubi ƙasar wurin zai ga hikimar zaɓin. Samaru tana samun ruwa fiye da milimita 1,000, ƙasarta ta dawa ce da auduga da masara. Sadore jigawa ce mai rairayi, ruwanta bai cika kai milimita 600 ba, kuma gero ne abincin mutanenta. Daɗin daɗawa, Yamai ta riga ta zama masaukin cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 domin nazarin ruwan sama da yanayi bayan farin. Ƙaramar ƙasa mai ƙarancin kuɗi ta sami cibiyoyi biyu saboda matsalar da ake bincike a ƙofar gidanta take.

A nan ne ake ganin cewa lissafin ci da faɗuwa a wannan takara ba ya bin iyakar ƙasa. Kanya Babba tana ƙaramar hukumar Babura, wadda ta yi iyaka da ƙasar Magarya ta jihar Damagaram. Ƙasarta jigawa ce, daminarta gajeriya, wata 3 zuwa 4, kuma ta fuskar ruwa da ƙasa ta fi kama da Sadore nesa ba kusa ba bisa ga yadda ta yi kama da Samaru. Abin da aka gano a gonar gwaji ta Sadore yakan yi aiki a gonar Kanya Babba kusan ba gyara.

Babban abin da aka gano kuwa ya saɓa wa abin da kowa yake zato. An ɗauka ƙarancin ruwa ne kaɗai yake hana gero yi. Gwaje-gwajen shekaru masu yawa, waɗanda masanin ƙasa André Bationo na Burkina Faso yake cikin jagororinsu, suka nuna cewa a yawancin shekaru yunwar ƙasa ta fi ƙishirwarta tsanani, musamman rashin sinadarin da ke cikin takin supa. Geron da bai sami wannan sinadari ba saiwarsa ba ta zurfi, sai ruwan da ya sauka ya wuce ƙasa bai sha ba. Daga nan aka fito da dabarar sa taki ɗan mitsitsi a ramin shuka, kimanin giram 6 na kamfa, watau cikin murfin kwalbar lemo, maimakon a watsa buhu-buhu a gona. Manomin da ba shi da kuɗin buhu uku yana iya sayen 'yan tiyoyi ya ga bambanci a damina ɗaya. Dabarar tana da cikas, domin tana cin lokaci a ranar shuka, ranar da kowane hannu yake da aiki, kuma in ba a haɗa da takin gida ba ƙasa takan ci gaba da ramewa a hankali.

Shi kuwa sosat, a Mali aka haɗa shi, tsakanin masanan ICRISAT da hukumar binciken gona ta ƙasar, sa'an nan Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri, wadda gero yake hannunta a Nijeriya, ta gwada shi ta fitar da shi ga manoma a 2000. Yakan nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka. Zangarniyarsa ba ta kai ta zango tsawo ba, abin da ya sa masu ɗaurin dami suka yi ta ƙorafi, amma ya karɓu saboda yana tsere wa yankewar ruwa. Iri ne da ya ratsa ƙasashe kafin ya iso Jigawa, ba wanda ya tambaye shi fasfo.

Nijeriya ba ta tashi a tutar babu ba. A 1988 ICRISAT ta buɗe tasha a Bagauda, kudu da Kano, domin binciken dawa, ta rufe ta a 2003, ta sake buɗe ofis a Kano a 2008. Gyaɗa ce ta fi cin moriyar wannan dawowa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, ta halaka kimanin hekta 700,000 a Arewa, ta zo a kan raunin da fari ya bari, har dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Aikin haɗin gwiwa tsakanin Samaru da ICRISAT ya fitar da irin da ke jure cutar, mafi shahara shi ne SAMNUT 24 na 2011, mai nuna da wuri.

Abin da ake biya, da abin da yake korar baƙo

Abu na farko da mai masauki yake bayarwa shi ne fili, kuma a nan ne takarar da ake yi a manyan birane take sauka a kan talaka. A ƙasar Karu gwamnati ta saye gonakin kiwon tumaki fiye da hekta 100,000 domin SKA, makiyaya da 'yan ƙodagonsu suka yi ta kuka a kan asarar aiki da takura wa wayar hannu. Can ma jeji ne. A yankin Kazaure da Babura babu filin da ba shi da mai shi. In an ƙaddara kowane gida yana noma hekta 2, fili kamar na Sadore zai tashi gida 250, kamar na Ibadan kuwa gida 500. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, amma diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Manomin da aka karɓi gonar gadonsa da rani, ba komai a cikinta sai kara da gawo biyu, abin da zai samu ba zai saya masa wata ba. Jami'in ƙasa da safiyo wanda ya tsaya a kan harafin doka kaɗai zai miƙa wa cibiya fili mai takarda cikakkiya da maƙwabta masu jin haushinta.

Na biyu shi ne yarjejeniyar masauki. Irin waɗannan cibiyoyi suna neman a ɗauke musu harajin kwastan a kan kayan aiki, a ba ma'aikatansu baƙi izinin zama ba wahala, a bar su su shigo da iri su fitar bisa ƙa'idar binciken lafiyar tsirrai. Sa hannun minista ba shi ne ƙarshen magana ba. Irin gwaji da ya kwana wata biyu a ma'ajin tashar jirgi yana jiran takarda ya rasa damina, kuma a ƙasar gero rasa damina rasa shekara ce. Masu zaɓen wuri suna tambayar cibiyoyin da suka riga su zama yadda ƙananan ofisoshi suke yi da su, kuma wannan shaida takan fi jawabin shugaban ƙasa nauyi.

Na uku shi ne zaman lafiya. Ƙungiyar binciken shinkafa ta Afirka ta Yamma ta fara a Monrobiya ta Laberiya a 1971, ta koma Buwake ta Kodebuwa a ƙarshen shekarun 1980. Yaƙi ya tashe ta a 2002, ta yi zaman gudun hijira a Bamako, sa'an nan Kwatano daga 2005, sai a 2015 ta komo Abijan. Cibiyar ICARDA da ke kusa da Halab a Siriya ta watse a 2012, har sai da ta je rumbun ajiyar iri na duniya da ke tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe a 2015 ta karɓo abin da ta ajiye, domin ta sake kafa rumbunta a Labanan da Maroko. A kusa da gida, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Hanyar da masana da ɗalibai suke bi tsakanin Kano da Maraɗi da Yamai ta toshe a daidai lokacin kakar 2023. Kuɗin baƙi ma ba shi da tabbas: a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, wadda take cikin manyan masu ɗaukar nauyin cibiyoyin binciken gona na duniya.

Tun 1980, a shirin da shugabannin Afirka suka amince da shi a Legas, aka yi alkawarin kowace ƙasa za ta kai ga kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan kimiyya da bincike. Nijeriya ba ta kai ko rabin wannan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwamitin zaɓen wuri yana gane goran da aka fafe jiya.

Duk da haka akwai takarar da Arewa ta shiga da shiri ta ci. Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a 2012 da taimakon Gidauniyar MacArthur. Sa'ad da Bankin Duniya ya buɗe gasa tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya domin zaɓen cibiyoyin ƙwarewa, ta shiga da abin da ta riga ta gina, ta fito cikin waɗanda aka zaɓa a shirin da ya fara a 2014, kuma ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta suka zo Kano yin digiri na biyu da na uku. Ba ta kai girman Sadore ba, balle SKA, amma hanyar da ta bi ita ce hanyar Afirka ta Kudu.

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Husaini Adamu a Kazaure, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar fasaha a Babura. Ke nan giɓin da ya sa tashar Kano ta tafi ba magaji ya fara cikewa a wannan yanki. In wata rana aka zo neman wurin kafa tashar binciken gero, ko riɗi, ko ƙarfin rana, ko kwararowar hamada, tambayoyin farko ba za su wuce waɗannan ba: taswirar ƙasa da bayanin abin da ke cikinta, zurfin ruwan rijiya da yadda yake sauka da rani, awa nawa ake samun lantarki, wa ya mallaki filin kuma wa ya yarda, da littafin ruwan sama. Wasu daga cikinsu ana iya haɗa su cikin wata shida in an sa himma. Littafin ruwan sama ba ya haɗuwa haka, domin ƙa'idar masana yanayi ta duniya ita ce sai an auna shekara 30 a jere kafin a ce ga matsakaicin ruwan wuri. Garin da ba shi da irin wannan littafi, in ya kafa ma'auni a damina mai zuwa ya sa wanda zai duba shi kowace safiya, to ɗaliban da suke aji ɗaya a jami'ar Babura za su kusa yin ritaya daga aikin gwamnati kafin littafin ya cika.